Damina A Ikko, Yayyafi A Arewa: Yadda Aka Raba Intanet A Nijeriya

 

A wannan mako zan ajiye zancen siyasa gefe guda, domin in ba ku labarin abin da na gani da idona a lokacin da na ɗauki hutu na je gida gaishe da tsofaffi. Tun da na dawo Ikko abin yake cina a rai, na kuwa san ba ƙauyenmu kaɗai ya shafa ba.

Ƙauyen namu bai fi mil 15 daga hedkwatar ƙaramar hukuma ba. Ran da na isa, da la'asar sakaliya, sai na ga samari suna ɗiba zuwa bayan gari, kowa riƙe da wayarsa. Na tambaya ko wani taro ake yi, aka ce mini a'a, tudu za su hau. Watau akwai wani tudu da muke kiwon awaki a kansa muna yara, to yanzu an sāke masa suna, ana ce da shi Tudun Sabis, domin a duk faɗin garin nan ne kaɗai waya take kama intanet. Ni ma da aiki ya taso mini daga ofis, tilas na bi sahu. Na tsaya na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, kusan rabin sa'a, kafin hoto ɗaya tak ya tafi. Da na sauko na tarar da kawuna zaune a kan buzunsa, ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗan nan, ashe abin naku na birni ma ba ya magana sai an hau tudu?" Na ce, "Kawu, a can ko a cikin ɗaka magana yake yi." Ya ce, "To, mu me muka yi?"

Wannan tambaya ta Kawu ita ce zancenmu na yau.

A nan Ikko, mai tsire a Agege zai ce maka ka tura masa kuɗinsa ta waya, kafin ka ɗaure ƙunshinka ya ga saƙon shigarsu. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 zai aika wa mai kaya hoton kwando, su gama ciniki ba su ga juna ba. Abin lura kuma shi ne da yawa daga cikin masu yin wannan 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa da suka zo neman abinci. Saboda haka kada wani ya ce wai mutanenmu ne ba sa son abin zamani. Mutumin da ya iya a Agege, in ya koma ƙauyensu wayar tasa sai ta zama fitila da agogo.

Bari mu dubi lissafi, domin kada a ce son zuciya ne. A ƙidayar jama'a ta 2006 an ce Jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, Jihar Legas kuwa miliyan 9.1. Na san mutanen Ikko ba su taɓa yarda da wannan ƙidaya ba, amma ko yaya aka juya ta, jihohin biyu su ne kan gaba wajen yawan jama'a. To, a lissafin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na ƙarshen 2023, layukan da ke shiga intanet a Legas sun kusa miliyan 19, na Kano kuwa miliyan 9 da 'yan kai, watau rabi ke nan. Jihar Zamfara ba ta cika miliyan 2 ba. Ko da yake layi ba shi ne mutum ba, domin akwai masu layi biyu da uku a aljihu guda, duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a ce kuskuren lissafi ba ne.

Kada kuma a ɗauka zancen Kudu da Arewa ne kawai. A wannan lissafi Jihar Bayelsa ce ta zo ƙarshe, kuma masuncin da ke zaune a cikin fadamun bakin teku na can yana fama da irin abin da Kawu yake fama da shi. Haka nan a cikin Arewa kanta, wanda ke zaune a Nasarawa ta Kano ko Unguwar Rimi ta Kaduna bai san ana wani hawa tudu ba. Rabon ya bi birni ya bar ƙauye, ya bi mai kuɗi ya bar talaka, ya bi namiji ya bar mace. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa a ƙasa baki ɗaya kusan namiji ɗaya cikin uku ne ya yi amfani da intanet a cikin shekarar da ta gabaci binciken, mata kuwa kusan ɗaya cikin shida. Sai dai da yake Arewa ce ta fi yawan ƙauyuka da talakawa da matan da ba su shiga makaranta ba, sai duk nauyin ya taru a kanta.

Daga ina aka faro?

Wanda ya kai shekara arba'in zai tuna zamanin da NITEL ce kaɗai ke da waya a ƙasar nan, layukan duka ba su kai rabin miliyan ba, mutum ya yi shekara yana bin ofis bai samu ba. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasin wayar salula, kowane lasin a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ta biyo baya a 2003, Etisalat a 2008. Ba shakka wannan ya kawo sauyi babba, domin a yau da wuya ka shiga gidan da babu ko ƙaramar waya. Amma buga waya daban, shiga intanet daban. Magana ba ta bukatar hanya mai faɗi. Hoto da bidiyo da takardun jarrabawa su ne ke bukatar babban titi, babban titin nan kuwa shi ne kebul ɗin faiba, wata igiya mai zaren gilashi a cikinta da ake binnewa a ƙasa.

Wannan igiya daga teku take fitowa. SAT-3 ta farkon shekarun 2000, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS ta 2012, da Equiano ta kamfanin Google wadda ta iso a 2022, duk a gaɓar Ikko suka sauka. Sai a 2024 ne 2Africa ta ƙara da gaɓar Akwa Ibom. Ashe ke nan Ikko tana zaune ne a bakin rijiya, mu kuwa sai an ɗauko mana a tulu, an yi tafiyar kilomita dubu da ɗoriya kafin a kai Kano, balle Maiduguri ko Sakkwato. Kowane kilomita kuwa sai an haƙa, an binne, an biya, an yi gadi.

Masu sanin tarihi za su tuna cewa jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma ba domin ƙaunarmu Turawa suka shimfiɗa dogo ba. Sun hango auduga, suka tarar da gyaɗa, dala ta tashi a Kano. Halin ɗan kasuwa bai sāke ba har yau. Kamfanin sadarwa ba ƙungiyar agaji ba ce. Kafin ya kafa ƙarfen sabis sai ya ƙirga mutum nawa ne za su sayi kati a ƙarƙashinsa. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasar nan, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 3,600 ba, jama'a a cunkushe. Jihar Neja kuwa ta haura murabba'in kilomita 76,000, watau ta ninka Legas sau ashirin, jama'arta a warwatse cikin ƙauyuka da rugage. Ƙarfe guda a Oshodi zai ci kasuwar dubban mutane a wuni ɗaya, irinsa a dajin Mariga sai ya yi wata bai mayar da kuɗin man janaretonsa ba. In ka bar abin a hannun kasuwa kaɗai, to har abada inda ruwa yake can za a ƙara zubawa.

Laifin da ke gida

Sai dai ba duka laifin ne na nisa da kasuwa ba. Akwai kuɗin da gwamnatocin jihohi ke karɓa kafin su bari a haƙa gefen titi a binne kebul. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni duka suke ciki, ta amince a tsaya a kan Naira 145 kowace mita. Amma jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, suna karɓar dubbai a kan mita guda. Ku yi lissafi da kanku. A kan Naira 145, kilomita ɗaya ya kama Naira 145,000. In kuwa jiha ta ce sai Naira 4,000, kilomita ɗaya ya zama Naira miliyan 4, kafin a sayi kebul, kafin a biya lebura. Wane ɗan kasuwa ne zai biya wannan domin ya kai sabis ƙauyen da ba a sayen katin Naira dubu? Sai a 2020 ne wasu jihohi suka farga, Ekiti ta sauko zuwa Naira 145, Kaduna ta yafe kuɗin ɗungurungum. Gwamnan da ya tsaya sai ya ci kuɗin haƙa rami, ya yi kama da manomin da ya dafa irin shukarsa ya cinye, ga ƙoshin yau, ga yunwar baɗi.

Bayan wannan ga zancen wutar lantarki. Ƙarfen sabis ba ya aiki sai da wuta dare da rana, wayar hannu ma sai da caji. A ƙauyenmu akwai yaron da sana'arsa ke nan, ya tayar da janareto ya jera wayoyin gari a kan tebur, kowa ya biya. Babbar waya kuwa cin caji gare ta, shi ya sa ko wanda ya mallake ta sai ka ga ya ajiye ta ya koma wa ƙaramar. Ba mu manta ba yadda Maiduguri ta shiga duhu tun daga watan Janairu na 2021 bayan an karya turakun wuta, da kuma yadda yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda babu wuta a watan Oktoba na 2024.

Daɗin daɗawa ga rashin zaman lafiya. A 2012 'yan Boko Haram sun bi ƙarafan sadarwa suna ƙonawa a Arewa maso Gabas. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, hukuma da kanta ta katse waya a Borno da Yobe da Adamawa. A watan Satumba na 2021 aka sāke yin haka a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a rufe, har mutane suna shiga mota zuwa wata jiha domin kawai su shaida wa 'yan'uwansu cewa suna raye. Ba ina jayayya da masu tsaro a kan dabarunsu ba ne, amma talakan yankin shi ya sha duka biyu: 'yan bindiga sun hana shi gona, hukuma ta hana shi waya. Injiniyan da za a aika ya gyara ƙarfen da ya lalace a irin waɗannan wurare kuwa, shi ma yana da iyali.

Abin da rashin ke ci mana

Wani zai ce, to mene ne a ciki, in ban da kallon bidiyo da gulma? Da a ce haka ne da ban ɓata tawada ba. Abin da ya faru shi ne gwamnati da bankuna da makarantu sun kwashe ƙofofinsu sun mayar cikin intanet, suka bar rabin jama'a a waje.

Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Ina da ɗan wa wanda duk makarantarsu an san shi da ƙoƙarin lissafi. Ranar jarrabawar ita ce rana ta biyu a rayuwarsa da ya taɓa kwamfuta. Ya gaya mini cewa minti goman farko ya ɓata su ne yana neman yadda zai wuce daga tambaya ta ɗaya zuwa ta biyu, alhali yaron da ke gefensa har ya yi nisa. Bai samu makin da ake nema ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, wallahi na san amsoshin." Na yarda da shi, amma wa zai yarda da mu? A takarda an rubuta cewa an yi musu jarrabawa iri ɗaya.

Ku tuna kuma farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Ɗan birni ya sha wahala, amma ya lallaɓa. A kasuwannin ƙauye kuwa, inda babu banki babu sabis, mutane sun karyar da awaki da hatsi a kan rabin kuɗinsu ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu. Haka nan a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, 'ya'yan masu hali a birane suka ci gaba da karatu ta intanet, namu kuwa sai abin da ya samu ta rediyo. Yau neman aikin soja ko na ɗan sanda, da neman rancen karatu, da yawancin tallafin noma, duk sai an cika takarda a intanet. Wanda ba ya ciki ba a ƙi shi ba, ba a dai san da shi ba ne, wannan kuwa ya fi ƙi ciwo.

Alkawura

Ba za a ce gwamnati ba ta san da matsalar ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu na musamman, USPF, domin kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba za su je da kansu ba. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100, kuma a sayi gigabait ɗaya na data a kan abin da bai wuce Naira 390 ba. Wa'adin ya cika ana wajen rabi, kuma a watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba, wanda Ministan Sadarwa Dokta Bosun Tijani yake jagoranta. Muna yi masa fatan alheri, muna kuma zuba ido mu ga ta inda za a fara haƙa. In aka fara daga inda ake da shi, to an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. Akwai kuma Starlink, mai saukowa daga tauraron ɗan'adam, wadda ta shigo Nijeriya a 2023 kuma ba ruwanta da haƙa rami, sai dai kuɗin na'urarta da na wata-wata sun fi ƙarfin manomi shi kaɗai.

Namu kason

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Ko da an kafa ƙarfe a ƙofar kowane gida, wanda bai iya karatu ba rabin amfanin zai samu. Iyayenmu sun ga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da dattawa da furfurarsu suka zauna gindin bishiya suna koyon a, ba, ca, ba su ji kunya ba. Yau muna da miliyoyin yara da ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Akwai kuma magidantan da suka hana matansu riƙe babbar waya, alhali matan nan su ne masu ƙuli-ƙuli da turaren wuta da ɗinkin hula, waɗanda da hoto ɗaya za su iya samun mai saye a Abuja ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Tsoron ɓarnar da ke cikin waya gaskiya ne, amma maganinsa tarbiyya da sa ido. Sa'an nan mu da muke ciki, me muke zubawa da Hausa? Google ya sa Hausa cikin masu fassararsa tun 2013, Facebook ya bi sahu a 2016, marubutanmu mata suna sayar da littattafansu ta WhatsApp, 'yan fim suna cin abinci a YouTube. Amma ka nemi bayanin yadda ake maganin tsutsar masara ko yadda ake cika takardar JAMB da Hausa mai kyau, ka ga yadda za ka sha wuya.

Saboda haka ina kira ga gwamnonin da har yanzu suke karɓar kuɗin haƙa rami da su yafe shi, su kuma sa sharaɗi cewa duk kebul ɗin da ya ratsa ƙaramar hukuma sai ya leƙa makarantar sakandare da asibitinta. Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya da su nemi a kawo musu lissafin asusun USPF jiha-jiha, su buga shi jama'a su gani. Attajiranmu da ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda suka saba gina masallaci da haƙa rijiya, Allah ya saka musu, su ƙara da ɗaki guda mai kwamfuta goma da farantan hasken rana, domin kada wani yaro ya sāke ganin kwamfuta karon farko a ranar jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran da zan baro gida, Kawu ya rako ni har bakin mota. Ya miƙo mini wata takarda da aka rubuta lambar ɗansa da ke aikin gadi a Fatakwal, ya ce, "In ka isa inda abin yake kamawa, ka gaya masa an yi haihuwa a gidansa, namiji, yau kwana huɗu." Sai da muka yi tafiyar mil tara sannan na iya isar da saƙon.

Masu karatu da ke da irin wannan tudu a garinsu, ina so su rubuto mini sunan garin da ƙaramar hukumarsa, za mu jera su a wannan fili domin waɗanda abin ya shafa su gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.